Bangon Matattun Itatuwa

Babu gidan tarihi a duniya da ya kai bangon zaurenmu na Mairuwa. Shekarar fari, rediyo na ta labarin kuɗin fetur, kakata ta tara jikoki da tsofaffin unguwa. Duk itacen da ya bushe sai mu zana shi da farar ƙasa, don na baya su san kamanninsa.

Ran nan ta ce, "Zana mini tsamiyar ƙofar gida."

Na ce, "Kaka, ai da ranta!"

"Zana dai, sarkin tsoro. Farar ƙasar ma ƙarewa take."

Na zana ta. Kullum da safe sai na duba ganyenta, ina jin ni na kashe ta.

Tsamiyar tana nan. Zauren ne titi ya bi ta kansa.