Hanyar Modu zuwa Tsibirin Hamadi

Modu mai yasar rijiya ne. Duk wanda ya tashi a Soron Ɗinki ko Dukawuya kafin rijiyoyin burtsatse su cika gari ya san shi, dogo, baƙi, da igiya a kafaɗa. In guga ya faɗa rijiya aka yi ta jefa ƙugiya ba a dace ba, shi ake aika wa. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya bi ramukan bango da ƙafa har ya kai ruwa, sannan ya ja numfashi ya nutse. Ya fito wa mutane da zobba da tukwane da wayoyi, sau ɗaya har da ɗan akuya da ransa.

Ni sunana Yero, direban babbar mota ne kafin gwiwa ta zaunar da ni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu tun muna yara. Kakanninsa daga Borno suka zo, nawa Fulani ne, don haka ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba.

"Bawana ya tashi lafiya?" in ji shi kullum da safe.

"Ubangidanka ya tashi lafiya, Babarbare. Ka yi shara?"

Shekara sittin da 'yan kai muna wannan. Tun da ya rasu ba wanda ya ƙara kirana bawa, ban kuma san haka zai dame ni ba.

Wata rana na tambaye shi abin da yake gani a can ƙasa. Ya ce ba komai. Ido a rufe yake shiga, in ma ya buɗe laka ce da duhu. Hannu yake lalubawa da shi. Ya faɗa ne ba tare da wani ƙorafi ba, kamar mai bayanin yadda ake ɗaura igiya.

A 2012 wani attajiri da Modu ya daɗe yana kula masa da rijiyoyin gidajensa ya biya masa kujerar Makka. A can, a wani lungu na Harami inda yake son zama, ya haɗu da wani dattijo mai suna Hamadi, mutumin wani ƙaramin tsibiri da ke gefen Pemba, a tekun ƙasar Tanzaniya. Ba mai jin yaren wani. Da ɗan Larabcin allo da nuni da hannu suka gane cewa sana'arsu kusan ɗaya ce: Hamadi ma nutso yake yi, yana kamun kifi, yana kuma raka baƙi masu zuwa kallon ƙasan teku. Ya nuna masa hotuna a waya. Mutum a cikin ruwa, zurfin gaba biyar ko fi, ana ganin yatsun ƙafarsa daga sama, ga kifaye masu launi kamar atamfa.

Hamadi ya rubuta masa lambar waya, ya ce ya zo. Modu ya tambaye shi yaushe. Hamadi ya nuna ƙasa da yatsa, wato irin wannan lokaci, ya ce bayan Idi, lokacin teku na kwanciya. Modu ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta da ajami: bayan Babbar Sallah.

Da ya dawo, kowa na jiran labarin Ka'aba da Madina, ya ba su, amma ni labarin ruwa ya kawo mini.

"Yero, akwai ruwan da ake ganin ƙasansa."

"Akwai mana, a cikin kofi."

"Kai dai Bafillace ne. Kai da ka san hanya, zo ka nuna mini inda za a bi."

Haka muka fara. Na sayo taswirar Afirka a wajen masu littattafai, muka riƙa shimfiɗa ta a kan tabarma a ƙofar gidansa bayan la'asar, mu danne kusurwoyinta da takalma. Sunan tsibirin ya gagari bakinmu, a taswirar ma ba mu same shi ba, sai muka sa masa Tsibirin Hamadi. Modu ya ɗiga masa tawada a inda yake zato.

Hanyar farko ta ƙasa ce, don Modu ya ce jirgin sama sau ɗaya ya ishe shi. Kano zuwa Maiduguri, a shiga Chadi, a ratsa Sudan, a gangara kudu. Na san rabin farkon hanyar, na faɗa masa inda ake kwana da inda ba a tsayawa. Kafin mu gama tsara ta, rashin zaman lafiya ya toshe ta tun daga kusa da gida. Ya ja mata layi. Ta biyu ta Kamaru ce zuwa Kongo, wai a bi kogi. Na auna da tsinken tsintsiya na ce masa wannan wata uku ce in an yi sa'a, kuma ba zan yarda in aika bawana cikin dajin da ban sani ba. Ta uku wani ne ya ce masa akwai jirgin ruwan kaya daga Legas da ke zagaya ƙasan Afirka. Shekara biyu yana neman wanda ya taɓa hawa, bai samu ba.

Tsakanin haka rayuwa na tafiya. Ya aurar da 'ya'ya uku. Matarsa Falmata ta yi doguwar jinya ta warke. Cutar korona ta rufe hanyoyi. Duk Babbar Sallah, bayan an gama rabon nama, sai ya kira Hamadi su yi ta sallama da dariya da in sha Allahu, don iyakar abin da suke iya faɗa wa juna ke nan. Ya kashe wayar ya ce, "Baɗi."

'Yarsa Rahma ce ta kawo hanya ta huɗu. Malamar makaranta ce, ita ke duba mana abubuwa a waya. Ta zauna a gefen tabarma wata rana ta ce, "Baba, ku da Baba Yero kun kusa huda taswirar nan. Ga yadda mutane suke zuwa." Jirgin sama daga Kano zuwa Addis Ababa, a sauya wani zuwa Zanzibar. Daga nan jirgin ruwa zuwa Pemba, sai mota zuwa bakin gaɓa, sai kwale-kwale. Kwana uku, huɗu in an rasa jirgin ruwa. Modu ya rubuta duka, har da inda za a yi sallar Juma'a in ta riske shi a hanya.

A farkon 2023 tari ya kama shi ya ƙi saki. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce huhun ya gaji, kuma ba gyaruwa zai yi ba, raguwa zai riƙa yi a hankali. Ya hana shi shiga rijiya. Modu ya tambaye shi batun teku, likita ya ce in zai je to kada ya daɗe bai je ba.

Daga ranar muka samu sabon aiki. Da hantsi Falmata ta cika baho da ruwa ta ajiye a zaure, Modu ya durƙusa ya tsoma fuska, ni kuma ina ƙirgawa. A zamanin ƙarfinsa yakan wuce ɗari da hamsin. Ranar farko ya ɗago a sittin. Bayan wata biyu, arba'in da biyar.

"Sauri kake yi ko jinkiri?" ya tambaye ni yana haki.

"Daidai nake yi."

"Bafillace ya iya ƙirga wani abu ban da shanu?"

'Ya'yansa suka haɗu suka ɗauki nauyin tafiyar. Fasfo ya fito, aka yi allurar shawara aka karɓi katinta, biza ta ɗan ja lokaci amma ta zo. Rahma za ta raka shi. Aka tsayar da rana, mako guda bayan Babbar Sallah, kamar yadda yake a littafin.

Saura kwana goma sha biyu Rahma ta samu lambar 'yar Hamadi, wadda ke jin Turanci, ta aika mata da saƙon murya tana faɗa mata ranar da za su iso. Muna zaune a zaure amsa ta shigo. Rahma ta saurara sau biyu kafin ta ɗago kai.

"Baba, wai sun ce yanzu lokacin iska ne."

"Wace iska?"

"Wai daga watan shida zuwa na takwas iska ke kaɗawa a wajensu. Kwale-kwale yakan yi kwanaki bai ƙetara ba, ruwan bakin tsibirin kuma yana gurɓacewa da yashi. Sun ce watan goma ne yake kwanciya."

"Hamadi da bakinsa ya ce bayan Idi."

Rahma ta yi ɗan danne-danne a waya. "Baba, shekarar da kuka yi aikin Hajji, a ƙarshen watan goma aka yi Sallah. Bana a ƙarshen watan shida za a yi."

Kowa a zauren ya san Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Mun yi azumi cikin zafi, mun yi cikin damina. Modu kuwa ya fi kowa sanin cewa ruwan rijiya damina yake bi, ba ruwansa da watan Sallah. Amma shekara goma sha ɗaya muna auna hanya da tsinke, ba wanda ya taɓa duba wannan layi guda na littafin. Hamadi ya faɗi lokacin da suke ciki, Modu ya rubuta sunan wata, watan kuma ya yi ta tafiya ya bar lokacin a baya.

Modu ne ya fara dariya, tarin ya katse shi. Da ya lafa ya ce, "Na ɗauka teku ma da kalandar masallaci take aiki."

Rahma ta ce za a iya ɗaga tikitin zuwa watan goma, bizar ma za ta kai. Sai dai wata huɗu ne. A safiyar ranar na ƙirga masa talatin da takwas.

Da Rahma ta shiga cikin gida na matsa kusa da shi. Ban yi wasa ba, na kira shi da sunansa.

"Modu, ka tafi yanzu. Ka ga Hamadi, ka ga tekun, ka taka tsibirin. In Allah ya sa iskar ta faɗi kwana ɗaya, shi ke nan. Wata huɗu da yawa."

"Na sani."

"To?"

"Yero, shekara arba'in ina shiga ruwan da ba a ganin komai. Ba zan ƙetare duniya in ƙara shiga wani ba. In da rabo zan kai watan goma."

Na yi fushi da shi kwana biyu. A rana ta uku na ji Falmata na zuba ruwa a baho, na ɗauki sandata na zagaya.

Daminar nan ta yi mini tsawo. A watan bakwai muna talatin. A watan takwas zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu, da ya tashi sai ashirin da biyu. Wata rana na ja ƙirgen da sauri don ya ji daɗi, na ce ashirin da takwas. Ya share fuska ya dube ni.

"Goma sha tara ne. Ni ma ina ƙirgawa a ciki. Kada ka ƙara."

Ban ƙara ba.

Suka tashi a tsakiyar watan goma, da goma sha huɗu a ƙirjinsa. Na raka su filin jirgi. Ya ba ni taswirar ya ce in riƙe, ya riga ya haddace. Daga nan sai saƙonnin Rahma: sun sauka Addis, Baba ya ƙi cin abincin jirgi. Sun kwana Zanzibar. Jirgin ruwa ya juya masa ciki, amma ya ƙi barin bakin taga. Sun sami Hamadi a gaɓa yana jiransu da kwale-kwale, tsofaffin biyu sun riƙe juna sun daɗe ba su saki ba. Ina bin su da yatsa a kan takarda har wajen ɗigon tawadar.

Ranar Talata da azahar saƙon murya ya shigo, nasa ne da kansa. Ana jin ruwa na bugun katako a bayansa, yana magana yana hutawa.

"Bawana. Na shiga. Ba mai zurfi ba ne, bai fi gaba biyu ba. Hamadi ya sa mini tabarau na ruwa, ya riƙe ni ta ɗamara kamar jariri. Goma sha ɗaya na yi. Sau uku na shiga." Ya yi tari. "Akwai kifayen, ba ƙarya ba ne. Amma ka san abin da na tsaya kallo? Inuwata. Tana can ƙasa a kan farin yashi, da hannuwa da ƙafafu, in na motsa ta motsa. Ban san mutum na da inuwa a cikin ruwa ba."

Na saurara a zaune a ƙofar gida, mutane na wucewa zuwa masallaci, ban iya tashi ba sai da aka tayar da iƙama.

Ya dawo a rame, amma fuskarsa a sake. Bai cika ba mutane labarin ba. In an matsa masa sai ya ce ruwan na da gishiri, mutanen kuma na da kirki. Ni kaɗai ya gaya wa cewa a shiga ta uku bai so fitowa ba, Hamadi ne ya jawo shi.

Bayan wata uku, wata ranar Laraba da hantsi, ya cika a ɗakinsa, Falmata na riƙe da kansa, ni ina bakin ƙofa. Muka kai shi kafin la'asar. Rahma ta sanar da mutanen tsibirin, 'yar Hamadi ta ce mahaifinta ya tara jama'a a masallacinsu sun yi masa addu'a.

Allah ya haskaka masa makwancinsa, ya sa na yi kuskure a duk abin da na ji masa tsoro, kamar yadda na yi a kan wata huɗun nan.