Faifai Huɗu na Baba Adana

Rigimar da Baba Adana ya sha kaye a cikinta, wadda har yau ba ya son a tayar, ta buhunan wayoyi ce. Buhu uku ya tara a ƙarƙashin gado: cajar da aka daina yayi, igiyar rediyo, rimot ɗin talabijin da ta mutu tun yaransa suna rarrafe. Matarsa, wadda kowa ke kira Mai Hoto saboda shagon ɗaukar hotonta, ta jawo su tsakar ɗaki ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, wannan sharar fa?"

"Shara? Wata rana za su yi amfani."

"To ranar ta zo. Wayata ta mutu, nemo mini caja a ciki."

Bawan Allah ya zazzage buhu, ya yi ta warware igiya yana gumi. Da ƙyar ya zaro wata, ya soka a bango, ta yi tartsatsi, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Kafin yamma mai gwangwan ya yi gaba da buhunan. Daga ranar sunan Adana ya manne masa, har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, tabaransa ɗaure da zare, sukudireba a aljihun gaba ko biki za shi. A ɗakin bayan shagon matarsa ya kafa wata baƙar na'urar ajiya da ake kira saba, mai faifai huɗu a jere, kowanne da ƴar fitilarsa. Duk hoton da aka taɓa ɗauka a shagon yana cikinta: amare, ƴan makaranta, tsofaffin da suka zo hoton katin shaida suna harara kamar an yi musu sata. Wata mata ta taɓa zuwa neman hoton mahaifinta da ya rasu, gidansu ya ƙone ba su tsira da ko ɗaya ba. Adana ya lalubo mata shi. Ta zauna a benci ta yi kukanta ta gode. Tun daga nan ya ɗauki na'urar kamar ƴar autarsa.

Sai ga ranar da ta cika maƙil. Mai Hoto ta dawo daga aiki da kyamara cike, na'ura ta ce babu wuri.

"Goge tsofaffin," in ji ta. "Wa zai zo neman hoton da ya girmi ɗanmu?"

"Ba za a goge ko ɗaya ba. Faifai manya zan sa."

Ya samo manyan guda huɗu. To, ga inda aikin yake da cin rai. Faifan nan huɗu haɗin gwiwa suke yi, kowanne yana riƙe da wani abu na ƴan'uwansa. In ka zare ɗaya ka sa sabo, ukun za su cika wa sabon abin da ya ɓata, a hankali, kamar tsohuwa tana zura zare a allura. In ka zare biyu tare kuwa, sai dai ka yi wa hotunan ta'aziyya. Abin da ya fi ba da haushi, fili ba ya ƙaruwa ko na ƙwayar hoto sai na ƙarshe ya shiga ya gama.

Ya sa na farko, fitila ta yi ta ƙyafta ido. Da ta nutsu, Mai Hoto ta leƙo allon.

"Ina filin?"

"Yana tafe."

"A ƙafa yake tahowa?"

Ya sa na biyu, babu fili. Masu hoto suka fara zarya a shago. Adana ya kwashe abin da ke cikin tasa kwamfutar don ta sami wurin juye aikinta, ya ba ta katin ajiyar da ke cikin wayarsa, ya aro na maƙwabci, ya aro na surukinsa. Da ta miƙa hannu za ta zare biyun da suka rage lokaci guda a huta, sai ya jawo kujera ya zauna a gaban na'urar. Nan yake cin abinci, nan yake gyangyaɗi. Kaza a kan ƙwai ma takan tashi ta sha ruwa, shi kam ko motsi. Da wuta ta ɗauke, shi da ko bokiti ba ya iya ɗagawa, sai ga shi ya sungumo batirin mota a kafaɗa don kada na'urar ta mutu.

Na huɗu yana tsakiyar cika haƙurin Mai Hoto ya ƙare. Uwar wata amarya da aka jinkirta wa hotuna ta zo ta wanke ta tas a gaban mutane, ta tafi. Mai Hoto ta shigo ɗakin baya gyale a ƙugu, ta fizge linzamin kwamfuta, ta zaɓo hotunan shekarun baya gaba ɗaya, yatsanta a kan maɓallin gogewa.

"Yau sai na ga wanda zai hana ni! Mutanen nan da kake wa gadi, rabinsu sun mutu, rabi sun rabu. Amaryar da ke kan allon nan ma aurenta uku bayan wannan hoton."

"Sai a ajiye mata, ta tuna da na farko."

"Kar ka mai da ni abokiyar wasanka. Ni ƙa'idata ɗaya ce: duk abin da ya tsufa, ya cinye wuri, ga ƙara yana damun mutane, waje za a yi da shi."

Abin da ya faɗa mata ne ya sa ta saki linzamin, ta tsaya baki buɗe, ta fita tana tsaki tana danne dariya. Washegari fitila ta huɗu ta nutsu, fili ya buɗe har ya yi yawa, hotunan kuma suna nan ba a taɓa ko ɗaya ba. Ba ta sake tayar da zancen ba.

A ranar da ta faɗi ƙa'idar tata kuwa, gyara tabarau kawai Adana ya yi, ya dube ta tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Maman yara, ki bi a hankali da ƙa'idar nan. Rashin jefar da tsohon abu da nake yi, duk gidan nan babu wanda ya kai ki cin moriyarsa."