Yatsu Biyu Ƙarƙashin Haɓa

An san masu aski da surutu, amma shagon da ke bayan tashar mota, jikin na mai gyaran rediyo, ya fita daban. Mai shagon saurayi ne dogo siriri, wanda unguwa ta laƙaba wa suna Kurum. Tun yana ƙarami yake in'ina. Idan idanu suka yi masa yawa, kalma kan tsaya masa a maƙogwaro, ya runtse ido yana kokawa da ita har mai sauraro ya ji kamar ya ƙarasa masa. Da haka ya koyi tattalin magana.

Bayan aski, abin da ya iya shi ne tsaron baya a ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar unguwarsu ta ɗaura masa kambun kyaftin babu gardama, kuma ya daɗe da shi a damtse.

Da mahaifinsa ya yi ritaya daga koyarwa, sai ya mayar da bencin shagon wurin zamansa na la'asar. Yakan buɗe jarida, amma rabin hankalinsa yana kan madubi. A nan ya lura da abin da ba a sani ba a gida: idan Kurum ya tsaya a bayan mutum, kilifa tana ƙara, babu mai kallon bakinsa, harshensa kan warware. Jajibirin kowane wasa 'yan ƙungiyar kan zo gyaran fuska ɗaya bayan ɗaya, har da wanda sanƙo ya riga ya gama masa aikin. Su yi ta zuba. Wannan ya yi faɗa da wansa, wancan gwiwarsa tana ciwo yana ɓoye wa koci. Kurum ya saurara, ya faɗi abu ɗaya ko biyu daidai kunne. In mutum ya sunkuya, sai ya sa yatsu biyu ƙarƙashin haɓarsa ya ɗaga, ya ce, "Ɗago kai." Maganar aski ce, kowane mai aski yana faɗinta. Shi dai ya tafi da ita har cikin fili.

Ana haka aka yi musu sabon koci. Mutumin kirki ne, ya kuma san ƙwallo, amma ya yi imani cewa kyaftin sai an ji muryarsa daga wannan raga zuwa waccan. Ya kalli atisaye, ya tambaya me ya raba kyaftin da ba ya magana da turke. Sannan ya yanke cewa a wasan da ke tafe, da ƙungiyar tsallaken titi, Lasifika ne zai ɗaura kambu, in abin ya yi kyau ya zama nasa. Lasifika ɗan kamasho ne a tashar, ɗan wasan tsakiya, mutumin da in ya kira fasinja har na cikin wata motar kan waiwayo.

Mahaifin ya san abin da za a karɓe wa ɗansa. A makaranta an yi wa yaron dariya, a kasuwa ana katse shi kafin ya kai ƙarshen zance. Kambun nan ne kaɗai abin da mutane suka ba shi ba tare da sun auna shi da harshensa ba.

Jajibirin wasan Lasifika ya zo aski kamar kullum, yana ta kame-kame.

"Kyaftin, don Allah kada ka rama da kilifa. Kan nan shi ne jarina."

Kurum ya yi murmushi, ya yi masa askin da ya fi na kowane mako kyau, ya kakkaɓe tawul, sannan ya jawo durowa ya ɗauko kambun a wanke a ninke, ya ɗora masa a cinya. A hanyar gida mahaifin ya tambaye shi ko abin ya dame shi. Ya daɗe kafin kalmar ta fito.

"Da zafi, Baba."

Washegari kuma ya riga kowa zuwa fili.

Gaskiya ɗaya ce, muryar Lasifika ta yi amfani. Ya jera 'yan baya, ya hana 'yan gaba barci, har 'yan kallo suka fara cewa koci ya yi dabara. Sai wata ƙwallo mai sanyi, wadda ko tsohuwa za ta tare da zani, ta bi ta tsakanin ƙafafun gola ta shige. Golan tela ne, mai saurin jin kunya. Daga tsakiyar fili Lasifika ya tambaye shi ko hannu ne da shi ko rariya, fili ya ɗauki dariya, gola ya zauna a kan layi ya kifa kai.

Mahaifin yana tsaye jikin katanga ya ga ɗansa ya taka a hankali, ya ciro ƙwallon daga raga, ya durƙusa gaban golan, ya sa yatsu biyu ƙarƙashin haɓarsa. Ba a ji abin da ya faɗa ba, amma kowa a ƙungiyar ya san mene ne. Gola ya miƙe. Bayan hutun rabin lokaci ya tare wasu biyu waɗanda da sun shiga da an gama, ƙungiyar tasu kuma ta rama ɗayar da aka ci su.

Aski ya zo gaban goshi, alƙali ya ba su fenareti. Lasifika ya ce kyaftin ne zai buga. Ya ja da baya, ya sheƙo, ya aika ƙwallon saman kwanon makarantar da ke bayan raga. Ya dafa gwiwoyi ya tsaya. Babu wanda ya taɓa ganin bakinsa a rufe sai ranar. 'Yan wasan, waɗanda babu wanda bai sha tsawarsa ba, suka tsaya suna kallonsa daga nesa. Kurum ne ya taso tun daga baya, ya ratsa filin duka, ya ɗaga masa haɓa.

An tashi kunnen doki. Lasifika ya kwance kambun tun kafin ya fita daga fili.

"Koci, baki dai ina da shi, kuma zan ci gaba da ba ku kyauta. Amma wannan ba nawa ba ne."

Koci ya tambaya wa zai riƙa yi wa alƙali magana in rigima ta tashi. Gola ya nuna Lasifika ya ce ai ga tafinta nan Allah ya ba su, ba ya ma buƙatar wutar lantarki. Aka yi dariya, koci ma ya dara. Bai ce ya yi kuskure ba, cewa ya yi za a gani. Amma da hannunsa ya ɗaura wa Kurum kambun, bai sake tayar da zancen ba, daga baya ma ya koma aski a shagon.

Kurum ya riƙe kambun har wani ciwo ya kwantar da shi, kambun ya zauna a wurin ƙungiya. Jinyar ta ɗauki makonni, bai tashi ba.

A zaman makoki mahaifin yana kan tabarma a ƙofar gida, yana amsa gaisuwa idonsa a ƙasa. Wani ya durƙusa a gabansa ya ajiye masa kambun a tafin hannu, a wanke a ninke. Lasifika ne. Ya ɗago yatsu biyu, sai ya tuna ba a taɓa haɓar babba, ya mayar da hannunsa. Da wata ƙaramar murya da ba a san yana da ita ba ya ce:

"Baba, ɗago kai."

Ya ɗago. 'Yan ƙungiyar suna jere jikin bango, koci a ƙarshen layi, duk suma ta taru musu buzu-buzu, ban da mai sanƙon. Tun da aka rufe shagon babu wanda ya zauna a kujerar wani mai aski. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai sake sunkuyawa ba har aka shafa addu'a.