Kabarin Ɗan da Bai Yi Kuka Ba

Ranar Talata da safe na tashi na share tsakar gida kamar kullum. Damina ta yi nisa, gero ya nuna, dawa ta fi tsayin mutum. Ƙauyenmu ƙarami ne, yana tsakanin garin Babban Mutum da iyakar ƙasa. Maigidana ya saɓa fartanya ya tafi gona tun rana ba ta fito ba. Inna, mahaifiyarsa, tana bakin murhu tana dama koko. Baba, mahaifinsa, yana zaure yana tufkar igiyar awaki. Ni kuma cikina wata tara, ina surfe a hankali, ina tsayawa ina saurare.

Motsi nake saurare. Tun jiya ɗan bai motsa ba. Da can in na sha ruwan randa sai ya harbe ni a haƙarƙari. Ranar na sha moɗa biyu, shiru. Ban gaya wa Inna ba, cikin fari ne, ba a zancensa gaban surukai. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, shi ya sa ba a kai ni gida goyon ciki ba. Da Iya Delu ungozoma ta shigo aron rariya sai na ja ta bayan ɗaki. Ta shafa cikin ta ce, "Barci yake, 'yar nan. Rago ne irin ubansa." Ta yi dariya. Ni ma na yi, don kar ta ga tsorona.

Laraba da asuba naƙuda ta taso. Da hantsi na durƙusa na haihu. Na ji fitarsa, na jira kuka. Kaza tana ƙyarƙyara a waje, maƙwabta suna daka. Iya Delu ta mari tafin ƙafarsa. Ta hura masa iska a fuska. Ta ɗauko tasa tana bugawa da cokali daidai kunnensa. Can sai ta daina. Inna ta yi salati a hankali.

Na juya fuskata bango. An koya mini mace ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ni kuwa na bi abin da aka koya mini. Ban ga fuskarsa ba. Da gefen ido na hango ƙafa ɗaya, 'yar fara, kafin a rufe. Iya Delu ta raɗa mini cewa namiji ne.

Aka goge shi, aka naɗe shi a cikin farin ƙyalle da aka yago daga tsohon rawanin Baba. Daga bakin ƙofa Baba ya ce wanda bai yi kuka ba ba a yi masa salla, ba a raɗa masa suna, don haka ba sai an taso mutane daga gona ba, shi zai kai shi. Bayan azahar ya ɗauki dagi a hannu ɗaya, ɗana a ɗaya hannun, ya fita. Na ji jan takalminsa har ya wuce zaure. Inna ta ɗora tukunyar wankan jego, ta dama mini kunun kanwa ta rufe da faifai.

Ruwan bai tafasa ba muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na ɗauka 'yan ɗaurin aure ne suka ɓata hanya. Sai harbi. Na farko kamar an taka busasshen kara. Na biyu ya girgiza kwanukan da ke jere a ɗakina.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

"Ina shanun? Fito da su!"

Inna ta ce, "Ta baya! Ku bi ta baya!" Ta tsallake danga ta bi sauran mata. Ni ban iya tsallaka ba. Iya Delu ta ɓarke dangar da hannu ta ja ni ta ƙasa. Na yi rarrafe kaɗan cikin dawar bayan gida, ƙafafuna suka ƙi. Ta kwantar da ni a kwarin kunya, ta kwanta a jikina, ta toshe mini baki da tafinta. Hannun bai ga ruwa ba tun haihuwar. Har yau ina jin ƙarninsa.

Ta ramin da muka fito ina hango tsakar gidanmu. Mutum uku suka shigo. Ɗaya ko gemu bai fito masa ba. Suka buɗe faifai suka ga kunu. Suka tsuguna suna sha da ludayina, wannan ya lasa ya miƙa wa wancan, suna dariya, ana harbi a bayansu. Babban cikinsu ya shiga ɗakina ya fito da akwatin kayan jariri ya zazzage a ƙasa. Ya tona da bakin bindiga. Ya ɗauki 'yar hular ulu da na saƙa da hannuna, ya fyace majina a ciki, ya yar. Ƙaramin ya je kan tukunyar wankana ya yi fitsari a ciki a tsaye. Daga nan suka cinna wa rumbu wuta suka fita.

Ban yi kuka ba. Amai ne ya taso mini, na haɗiye shi saboda hannun Iya Delu. Ƙudaje suka samo jinin da ke zanena. Tururuwa ta bi cinyata. Ban kore su ba.

La'asar ta yi, babu wanda ya kira salla. Muka ji an kora shanu arewa, ƙarar babura tana raguwa. Iya Delu ta cire ɗankwalinta ta yi mini ƙunzugu da shi, ta ɗaga ni. Muka bi cikin dawa muka yi kudu. Zanena ya bushe ya yi tauri yana yanka mini ƙafa. In na tsaya sai ta ce, "Taka, don ubanki, taka." Ba ta taɓa zagina ba sai ranar. Gab da magariba wani mai amalanke ya ɗauke mu tare da wasu tsofaffi ya kai mu Babban Mutum. Aka zuba mu a ajin firamare, kan siminti.

Washegari maigidana ya iso. A gona ya ɓuya. Shi ya gaya mana an sami Baba a kan hanyar maƙabarta, kusa da tsamiya, an harbe shi ta baya. Mutanenmu ba su iya komawa ba, mutanen ƙauyen da ke gabas da mu su suka zo suka yi sutura. Mai unguwa ya ƙirga waɗanda ba a gani ba, mutum goma sha ɗaya, kowa da sunansa.

Na jira sai da Inna ta fita alwala, na ce, "Ɗan fa?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Baba ya riga ya sa shi."

Na karɓa. Kwana uku nono ya kawo. Yana jiƙa mini riga ya bushe ya yi tsami, matan ajin suna kallo suna kau da kai.

Bayan kaka muka koma. Na ce wa maigidana ya nuna mini wurin ko daga nesa. Ya je maƙabarta gefen da ake sa ƙananan yara ya duba, ya dawo ya ce bai ga sabon tudu ba, wataƙila ruwan ƙarshen damina ya baje shi. Sai na gane shi ma bai sani ba. Zato ya yi, ya ba ni don in yi shiru.

Daga nan abin ya shiga raina. Ai a kan hanya aka sami Baba. Tafiya yake ko dawowa? In tafiya yake, to ɗana bai shiga ƙasa ba. Ya kwana a fili. Shekarar nan karnukan garinmu sun yi ƙiba, gashinsu har sheƙi yake. Kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. In kare ya leƙo zaurenmu sai in jefe shi da duk abin da ke hannuna.

Na tambayi Inna. Ta ce, "Ke, wane irin rashin ta-ido ne wannan? Ana neman kabarin ɓari? Mu da muka rasa maigida sukutum ba mu ce komai ba." Iya Delu tana wurin, ta ce, "Ba ɓari ba ne, Inna. Gashi ya cika kansa, farcensa ya fito." Inna ta ce, "Ya yi kuka?" Shi ke nan zancen ya mutu.

Na bi ta wurin matar mai unguwa ko mijinta zai bincika mini. Ta dawo mini da cewa lissafinsu na waɗanda aka kashe ne, nawa kuwa Allah ne ya karɓi abinsa tun a ciki. Da na sake samun ciki na je awo asibiti, malamar ta ce, "Haihuwa nawa?" Na ce ɗaya. "Yana raye?" Na ce a'a. Ta ja ɗan layi da biro a katina, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Mai bi mata." Iyakar rubutun da aka yi wa ɗana a duniya ke nan.

Na haifi Hafsatu. Ta yi kuka har maƙwabta suka ji. Mata suka riƙa yi mini tsiya wai ba ni da kunya, ina kiran sunan 'yar fari gatsau. Ina kira kuwa, da ƙarfi ma. Ba ita ce ta fari ba.

Bana da bazara ɗakina ya tsage, maigidana ya kira magini daga ƙauyen gabas, wani dattijo, Malam Ɗanjuma. Ina tuƙa tuwo na ji yana gaya wa mai miƙa masa ƙasa cewa yana cikin waɗanda suka yi suturar nan. Na zuba ruwa a kwano na kai masa, na durƙusa, na ƙi tashi.

Ya ce, "Lafiya, 'yata?"

Na ce, "Malam, wurin tsamiya, inda kuka ɗauki tsohon gidan nan, ba ku ga wani abu ba? Farin ƙyalle?"

Ya ajiye kwanon. "Jaririn? Naki ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Subhanallahi. Ai mun ɗauka kun sani. A ƙarƙashinsa muka same shi. Tsohon ya faɗi rub da ciki, ya rungume shi, dagin yana can gefe ko ƙasa bai taɓa ba. Da ƙyar muka ɓamɓare hannun."

Na ce, "Karnuka fa?"

Ya ce, "Sun riga mu wurin wasu, ba zan ɓoye miki ba. Sun taɓa ƙafar tsohon ma. Amma yaron ba su kai gare shi ba. Ko ƙyallen bai yage ba. Ni na ɗauke shi da hannun nan."

"Kuka kai shi ina?"

"Muka jera shi a sahu da sauran, muka yi musu salla. Mun ɗauka shi ma kashe shi aka yi. Rana ta yi zafi, gawa ta fara canzawa, ba lokacin haƙa wani rami. Sai muka ce tunda tare muka same su, kar a raba su. Yana jikin ƙirjin kakansa."

Na ce masa ɗan bai zo da rai ba. Ya dube ni, ya ɗebi ƙasa ya maka a bango, ya ce, "To, mu dai mun yi masa."

Da maigidana ya dawo na gaya masa. Ya je ya zauna bakin rijiya. Da ya kai wa liman zancen, liman ya ce sallar ba ta hau kansu ba, amma tunda ba su sani ba babu laifi, lissafi kuma yana nan yadda yake, don ba 'yan bindiga suka kashe shi ba. Gaskiya ne, ba su suka kashe shi ba. Inna ta ce, "To kin ji, sai ki huta ki bar mu mu huta." Baƙo mai yaɓe ya san inda ɗana yake. Duk tsawon lokacin nan, tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba ce tsakaninmu da amsar, a gidan nan ba wanda ya ga ya kai a taka a tambaya. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba.

Karatuna aji huɗu ne, rubutuna ba kyau. Na rubuta ne saboda Hafsatu da wanda ke cikina yanzu, wanda nake tashi ina shan ruwan randa don in ji ya harba. In sun girma aka ce musu su ne na fari da na biyu, su san suna da babban wa, su kuma san inda yake.

Mata ba sa shiga maƙabarta. Amma in za ki gonar Iya Delu tsinkar yakuwa, daga kan hanya ana hango layin. Maigidana ya nuna mini da haɓa, na Baba shi ne na kusa da aduwa. Ina rage tafiya in na zo wurin, ba na tsayawa.

Kabari goma sha ɗaya ne a jere. Mutum goma sha biyu ne a ciki.