Ƙasar da Na Saya wa Malam

Wai me ya shiga kaina har na ba da hatsi na sayi ƙasa, ni da na tashi a gidan noma, na yi aure a gidan noma? Ga shi ido ya tafi, haƙora sun zube, jikata ce ma take rubuta mini wannan, amma har yau ban sami amsa ba. Na dai san ko zan manta komai, ba zan manta da wannan bazarar ba.

A Kwanyawa muke zaune. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun kaka, gona ta gagare shi. Mutumin da bai iya zama ba, sai ga shi kullum a rumfar tsakar gida. Abin da ya rage masa shi ne 'yan dashen lemon tsami da ya shuka a fasassun tukwane. Irin daga bishiyar gidan da aka haife shi ne a Gwangwan, ya ɗebo shi kafin a sare ta, don haka ba a samun wani. Burinsa ruwa ya sauka ya dasa su a bayan gida.

Ƙasar tukwanen ja ce, da ta sha rana sai ta ƙame kamar daɓe. Na sha jin yana cewa da yana da ƙafa, da ya sauka fadama ya ɗebo baƙa.

Ranar da ƙanensa ya ɗauke shi a keke zuwa asibitin Karaye, sai na ji mai jaki yana talla a ƙofar gida. Ƙasar lambu ce wai, irin wadda mutanen birni ke zubawa a tukunyar fure, an riga an haɗa ta da taki. Na leƙa ta zaure. Baƙa ƙirin, ga laushi, ga sanyi a hannu. Shekarar hatsi ya yi wuya, amma na shiga rumbu na auno masa gero. Ban tambayi kowa ba. So nake Malam ya dawo ya ga abin mamaki. Na zazzage tukwanen duka, na sake musu ƙasa, na yi musu ban ruwa, na share wurin.

Da ya dawo ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗebi ƙasar ya shinshina, ya ce sannu da aiki. Na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana.

Ba a daɗe ba ganye ya fara rawaya. In na zuba ruwa sai wasu ƙananan ƙudaje su tashi kamar hayaƙi. Dashen suka yi yaushi, na ƙara ruwa, suka ƙara yaushi. Ana haka yayarsa ta zo dubiya da matan unguwa. Ita mace ce mai ido, ba ta ganin abu ta wuce. Ta kama dashe ɗaya da yatsu biyu, sai ya biyo hannunta, babu saiwa ko ɗaya. Ta kife tukunyar. Gwazarma ce, fararen tsutsotsin nan masu kauri na cikin juji, sun naɗe jiki suna motsi a gaban baƙi.

"Matarmu, daga ina wannan ƙasa?"

Na ce saya na yi.

Wallahi da a ce zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi. Wata ta toshe baki da mayafi, sai dariya ta ɓarke. Yaya ta ce ita dai ta ga mai sayen gishiri, ta ga mai sayen kanwa, amma mai sayen ƙasa sai a gidan ƙanenta. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya. Wata maƙwabciya ta aiko a ce tana da ƙasa a bayan ɗaki, za ta yi mini ragi. Wata ta ce in zan sayi iska ma a sanar da ita. Na shige ɗaki na yi kuka. Ba dariyar ce ta fi cina ba. Mutum ne ba shi da lafiya, abu ɗaya ya rage masa a duniya, ni kuma na zuba masa tsutsa a ciki.

Da gidan ya watse ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce tun ranar ya ji warin ɗanyen taki, amma ya ga fuskata, ya kasa faɗa, yana fata Allah ya tsare. Ya ce kuka ba ya kashe gwazarma, in ɗauko tabarma.

Daga zaune ya riƙa gaya mini, ina yi. Na juye kowace tukunya, na tsince tsutsotsin na watsa wa kaji. Dashen da ke da sauran saiwa na wanke su a ruwan da aka jiƙa ganyen darbejiya. Sannan ya ce in ɗora babban kaskon da nake suyar gyaɗa, in toya ƙasar, don ƙwan da ido ba ya gani ya mutu. Na ce Malam, a ƙara yi mini dariya? Ya ce ai an riga an yi.

Haka na tsaya ina juya ƙasa a kasko da muciya, hayaƙi mai wari ya cika unguwa. Maƙwabciyar nan ta leƙo ta kan danga, ta tambaya ko yunwar ce ta kai mu ga haka, ko ta kawo mana miya. Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na bar kaskon na riƙe shi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya kwanta. Da ƙasar ta huce na gauraya ta da toka da yashi, na mayar.

Duk da haka suka yi ta bushewa ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe sai in fita da tukunyar da dashenta ya mutu, in juya masa baya don kada ya ga wadda na ɗauka. Ɗaya ne kawai ya tsaya, wani ɗan tsurut da ko ni ban sa masa rai ba. Daga nan na koyi cewa ba a ɗora abu mai rai a kan abin da ba a tona an duba ba, komai kyansa a ido, kuma alheri ma yana son shawara.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, amma jikin Malam ya riga ya yi nisa. Wata rana da hantsi ya ce in kawo masa tukunyar. Na ajiye ta kusa da shimfiɗarsa. Ya shafa sabon tohon da ɗan yatsa. Na durƙusa na ce ya yafe mini sauran da na kashe masa. Bayan amsar da ya ba ni a ranar, ban ƙara jin komai daga bakinsa ba sai kalmar shahada. Ya dube ni, ya ce:

"Baiwar Allah, bar kukan nan. In ruwa ya sauka ki dasa shi, kuma da ƙasarki za ki cike ramin. Ni tun da nake, babu wanda ya taɓa saya mini ƙasa sai ke."