Mato Magini da Baƙar Ƙasa

A kan jaki Mato ya shigo ƙasar Sudan, yana ɗan shekara biyar ko shida, an cusa shi tsakanin tukunya da buhun gero. Iyayensa daga wajen Sakkwato suka taso da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin kogi kusa da garin Suki, suka ce bari su tsinci auduga kaka ɗaya su ƙara gaba. Uban ya rasu nan, uwar ta rasu nan, Mato ya yi gemu har gemun ya fara furfura. Amma ka tambayi kowane dattijo a Hillar Gado, ƙauyen da suka zauna, ko nan ne garinsu, sai ya harare ka ya ce su matafiya ne, kan hanyar Makka suke, hutawa kawai suka tsaya yi. Kowa Alhaji ake ce masa, ko da bai taɓa ganin teku ba.

Wannan magana ba a baki kaɗai ta tsaya ba, ta shiga har cikin gini. A wurinsu, mutumin da ya haƙa harsashi mai zurfi ya warware niyyarsa ke nan, ya ce wa Allah ya zauna. Saboda haka harsashi a Hillar Gado ba ya wuce ƙwauri. A ɗan karce ƙasa, a ɗora tubali, a ce ai na ɗan lokaci ne.

Mato kuwa magini ne, kuma magini na gaske. In ya mulmula tubali sai ka rantse a ma'auni aka zuba su, in ya ja katanga ba ya bukatar igiya. Shi jama'a suka ba ginin masallacin Juma'a bayan samun 'yancin kai, ya kuma yi shi da duk abin da hannunsa ya iya. Ranar da aka buɗe, har daga Abu Hujar mutane suka zo kallo.

Damina ɗaya, sai ga wani layi kamar zare a bangon kudu. Mato ya liƙe. Shekara ta kewayo, yatsa na shiga. Ya kwaɓa laka da kashin shanu ya sake liƙewa. Ta uku, hannu na wucewa, ƙadangaru sun samu gida. Daga nan fa aka sa shi a baki. In ya zo wucewa ta inuwar masu shayi sai wani ya ce, "Alhaji Mato, masallacinka ya sake buɗe taga." Ya yi dariya tare da su, don ba mutum ne mai riƙo ba. Amma abin yana cin ransa ƙwarai. Mutum ba shi da gona, ba shi da shanu, sunan hannunsa kaɗai ya mallaka, ga shi ana wasa da shi a bakin titi.

Ɗansa na fari, Abdussalami, shi ne ya fita daban. Daga makarantar allo ya shiga ta gwamnati a Suki, ya wuce Singa, ya wuce gaba, har wata rana aka ji ya samu shiga jami'a a Khartum, zai karanta handasa, aikin masu gina gadoji da hanyoyi da madatsun ruwa. Ba a taɓa yin haka a garin ba. Mato ba ya kiran sunan yaron saboda kunyar ɗan fari, sai ya laƙaba masa Muhandis, wato injiniya, tun kafin ya hau lori. A ransa kuwa abu ɗaya ya ƙudura: yaron nan zai dawo ya gaya masa inda hannunsa ke kuskure.

Hutun farko, ko ruwa yaron bai gama sha ba Mato ya tare shi. "To, Muhandis, mi sunka koya maka?"

"Lissafi, Baba. Da zane. Da yadda nauyi ke tura abu."

"Tubali nawa ka ɗora?"

"Ko ɗaya."

Mato ya dubi matarsa Sakinatu, ya ce shekara guda cur an tura yaro birni ya koyi ja da fensir.

Shekara ta biyu aka dawo da labarin awon ƙasa, wani madubi mai ƙafa uku da ake leƙawa a san tudu da kwari, da kuma yadda ake danne ƙarfe da katako a inji har su karye don a san ƙarfinsu. Mato ya ce shi kan azara yake hawa ya yi tsalle, in ba ta yi ƙara ba ta yi. Ta uku aka zo da ilmin ruwa, yadda yake gudu a tur'a, wato magudanar ban ruwan gonaki, da cikin bututu, da haɗin siminti da yashi da tsakuwa. Wannan karon Sakinatu ce ta kasa haƙuri, ta ce ita dai tun da take ba ta ga ruwan da aka koya wa gangara ba. Abdussalami yaro ne mai sanyi, sai ya yi murmushi ya ci tuwonsa. Kowane hutu uban zai ja shi bayan masallaci ya nuna masa tsagar, shi kuma ya duba ya ce, "Ban kai nan ba tukuna, Baba." Mato ya fara zargin ba za a taɓa kaiwa ba.

A shekara ta huɗu abin ya zo da muni. Bayan wani ruwa mai ƙarfi, ana idar da La'asar, wani ɓangare na bangon kudu ya rufto a daidai inda tsofaffi ke jingina. Allah ya tsare, ba kowa a wurin. Malam Audi, limamin garin, ya tara dattawa, aka yanke a rushe masallacin bayan kaka, a ɗauko magini daga Singa. Shi da kansa ya zo ya gaya wa Mato, cikin ladabi, yana ta kewaye-kewaye, wai ai an ga ya manyanta, a hutar da shi. Mato ya ce ya gode. Daga ranar ya daina zama inuwar masu shayi, in an sallame salla ya ɗauki takalmansa ya bi ta bayan gari. Baƙin ciki ya kama shi har ya rame.

A haka Abdussalami ya same shi da hutu ya zo. Wannan karon uban bai tambaye shi komai ba. Yaron ne ya ce, "Baba, bana ƙasa muka karanta. Mu je masallaci."

Da suka je bai ko dubi bangon ba. Ƙasa ya tsugunna yana kallo, baƙar ƙasar nan tamu da ke dararrashewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta cire wa mutum takalmi. Ya ɗebi busasshiya, suka koma gida, ya daka ta, ya cika gwangwanin man girki da ita, ya danna sosai har ta yi daidai da baki. Ya huda gindin gwangwanin, ya zaunar da shi cikin kwano, ya ɗora jan bulo a kai, ya zuba ruwa a kwanon. Ya ce a bar shi nan a zaure.

Kwana biyu bayan nan Mato ya zo wucewa ya tsaya cak. Bulon ya tashi daga bakin gwangwanin, ƙasar ta kumburo kamar ƙullin da aka sa wa yisti, ta ɗaga shi ta karkatar.

"Ka gani, Baba," in ji Abdussalami. "In ta sha ruwa ɗagawa take, in ta bushe ta sauka. Gefen da ya fi jiƙa ya fi tashi, ga kuma wurin alwala a jikin bangon kudu. Ko da ƙarfe aka yi bangon nan sai ta murɗe shi. Wanda za a ɗauko daga Singa ma, in a saman ƙasa ya ɗora, haka nasa zai yi. Ba hannunka ba ne."

Mato ya daɗe yana kallon gwangwanin. Ya ce, "Sake faɗi."

"Ba hannunka ba ne, Baba."

Dattijon ya juya ya shige bayan ɗaki, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Shekara da shekaru yana zargin kansa.

Magani kuwa, in ji yaron, sai an haƙa ramuka har inda damina da rani ba sa kaiwa, wajen tsayin mutum biyu, a zuba ginshiƙan siminti da rodi, a haɗa kawunansu da gadon kankare wanda ba ya taɓa ƙasa, a bar taƙi guda a ƙarƙashinsa. Ƙasar ta yi ta kumburinta, ba ta da abin turawa. Mato ya ji ya gane sarai, ya kuma san inda rigimar take.

Ranar Juma'a ya ɗauki gwangwanin da kwanonsa ya kai gaban dattawa. Suka leƙa, suka taɓa, suka jinjina kai. Amma da aka zo maganar tsayin mutum biyu, sai suka juya ga liman. Malam Audi ya gyara rawani ya ce, "Alhaji Mato, wanga ba harsashi ba ne, rijiya ce. Iyayenmu ba su taho nan don su kafa gari ba. In munka haƙa haka, mi za mu ce da niyyar da sunka bar muna?"

Mato ba mai magana ba ne a taro, amma ran nan bakinsa ya buɗe. "Allah shi gafarta Malam, ni ma ban warware tawa ba. In Allah ya buɗe hanya gobe, ni ne gaba. Amma in mun tafi, hanyar ta rufe ke nan? Akwai wasu na tafe bayanmu daga Sakkwato, daga Katsina, da ƙafa da jakuna, kamar yadda munka zo. Ina za su yi salla? Ɗakina ku bar shi a saman ƙasa, na yarda. Ɗakin Allah kuwa ba tare da mu zai tashi ba. Ku ba ni wannan karon. In ya tsage, kada a sake kirana magini."

Malam Audi ya ja carbinsa. Can ya ce ɗakin Allah dai ba matafiyi ba ne, wannan gaskiya ne. A gwada.

Bayan an gama tsintar auduga aka yi gayya. Abdussalami ya auna ya kafa turaku, ya ƙulla rodi yana nuna wa samari, Mato ya shiga ramin farko da kansa, ana ta roƙonsa ya fito ya ƙi. Da aka yi nisa ya damƙo ƙasar gindi ya murza, ya ji ta da ɗan sanyi alhali sama ta bushe ƙamas, ya ɗaga kai ya ce, "Muhandis, ashe ba fensir kaɗai ka ja ba." 'Yan kasuwa suka kawo siminti daga Singa, mata suka yi ta jidar tsakuwa daga bakin kogi, aka mai da wurin alwala can nesa gindin dogon yaro. Da gadon kankaren ya bushe, yaron ya koma Khartum don shekararsa ta ƙarshe, wadda a cikinta ake koya musu zana gini sukutum daga tushe har rufi. Wasu suka ce a yi bangon da jan bulo. Mato ya ce a'a, da tubalinsa na kullum zai yi, a ga ko laifin wa.

Daminar ta zo da ƙarfi, kamar da gayya. Tur'a ta cika ta tumbatsa, ɗakuna suka zube a unguwar yamma, katangar gidan Malam Audi kanta ta dare gida biyu. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, Mato zai fito da laka har gwiwa ya kewaya masallacin yana shafa bango da tafin hannu. Yakan durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya ga baƙar ƙasar ta taso tana neman cike gibin, ba ta kai ba. Ruwa ya ɗauke, rani ya shigo, ƙasa ta dararrashe ta sauka. Bango ko gezau. Damina ta biyu ma haka.

Mato ya koma inuwar masu shayi, ya zauna a tsakiya, ya miƙe ƙafa. Mutanen Abu Hujar suka aiko a zo a duba nasu masallacin, na wani ƙauye wajen Managil ma suka aiko, kuma da sunansa ake zuwa nema. Abdussalami a lokacin yana aiki can wajen Damazin, sai uban ya riƙa aika masa da ƙasar kowane gari a ƙulle cikin tsumma, shi kuma ya aiko da zurfin da za a haƙa. Daɗin da Mato ya ji a shekarun nan ba ya faɗuwa, har ƙiba ya yi.

Wata safiya yana kwaɓa ƙasa a ƙofar gida sai ga Malam Audi da sandarsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi maganar farashin dawa, liman yana ta kewaye-kewayensa na kullum. Daga ƙarshe ya ce zauren gidansa ne yake so a sake, na yanzu ya gaji da liƙi.

Mato ya goge hannu a riga, ya tambaya a hankali, "Harsashin fa, Allah shi gafarta Malam? Iyakar ƙwauri?"

Malam Audi ya dubi masallacin, ya dubi ƙasa, ya ɗan yi gyaran murya.

"Ka haƙa yadda ɗanka ya ce," in ji shi.