Kanduri Barik da Ganyen da Aka Ba Kogi

Zauna sosai, Sukanti, ki ajiye wayar nan. Abin da na faɗa shi za ki rubuta, kar ki gyara mini baki. In na zagi mutum, ki sa zagin.

Kanduri Barik wanzami ne, kamar ubansa. A gari Mausa ake kiransa, wato kawu. Tare muka tashi, gidansu na bayan namu. Ni na gaji kwalekwale, shi ya gaji aska. Ko harafi ɗaya bai sani ba, kamar ni. Amma shekara arba'in da wani abu shi ke kula da poti ɗin ɗakin ibadar garin nan, tsohon littafin nan na ganyen giginya da aka kwarzana wa rubutu da tsinken ƙarfe, aka zura masa igiya ta tsakiya, aka matse shi da katako biyu. Ganye ɗari da arba'in ne. Ba wanda ya naɗa shi wannan aiki. Ubansa ya yi, shi ma ya yi.

Duk shekara in damina ta ɗauke, sai ya kwance jan ƙyallen, ya baza ganyen a inuwa. Ya dama gawayin ɓawon kwakwa da man riɗi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa har baƙin ya shiga cikin kwarzanen, ya goge saura da tsumma. Ya cusa ganyen darbejiya saboda gara. Igiyar kuwa bai taɓa zare ta ba, don ya san in ta fita ba zai gane wane ganye ke bin wane ba. A makon nan ba ya aski. Kowa ya zauna da gemunsa.

Mai karanta mana shi ne Bidyadhar Nana, malamin ɗakin ibadar. Yawancin littafin waƙoƙin ibada ne da kowane gari ke da su. Amma ganye goma sha huɗu na ƙarshe namu ne mu kaɗai. Wani tsohon marubuci na garin nan ne ya jera sunayen mutanenmu da suka mutu a shekarar babbar yunwa, gida gida, cikin waƙa. Ranar cikar watan Kartik ake karanta su. Kakar kakan Kanduri na ciki, Saria sunanta. In Nana ya zo kanta, Kanduri kan sunkuyar da kai kamar jiya aka kai ta.

To, Nana ya rasu. Ɗansa yana Surat yana aikin masaƙa. Aka kawo Udayanath, malamin makaranta, ya juya ganyen sama da ƙasa, ya ce, "Wannan tsohon hannu ne, kamar tururuwa ta faɗa tawada. Ba a koya mana shi ba." Shekara shida ba a karanta ba. Kanduri bai fasa shafa mai ba.

Sai aka ba Nabaghana Pradhan shugabancin ɗakin ibada. Rubuta sunansa da kyau. Ya sa fenti, ya sa tayil, ya je birnin Katak ya sayo littafin bugun inji mai bango ruwan zinariya. Ya tara mu ƙarƙashin ceɗiya ya ce tsohon littafin ya gaji, gefensa ya fara ciccinyewa, al'ada ta ce littafi mai tsarki in ya tsufa kogi ake ba, ba a barin ƙwari su ci.

Kanduri ya miƙe. "Al'adar rabinta ka faɗa. Sai an kwafe shi ganye da ganye kafin a ba kogi."

Pradhan ya ɗaga sabon littafin. "Ga kwafin nan, Mausa. Inji ya hutar da mu."

"Akwai Saria a ciki?"

"Wace Saria?"

Kanduri ya juya ga Udayanath. "Malam, buɗe ƙarshen. Nemo mini mutanen unguwar masunta. Nemo mini gidan Dhobei mai man riɗi, su bakwai."

Udayanath ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ya ce, "Babu. Ai irin wannan ƙarin ƙauye ne, ba ya cikin asalin littafi."

Ƙarin ƙauye! Mutum ɗari biyu da yunwa ta kashe, wai ƙarin ƙauye! Shi da kakan kakansa ma wataƙila yana ciki.

Wani daga baya ya ce, "Mausa, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, ta yaya ka san abin da ke ciki?"

Kanduri ya ce, "Kai ka iya rubuta naka. Faɗa mini sunan kakar ubanka."

Aka yi dariya, amma ba ta hana komai ba. Pradhan ya ce wanzami ya tsaya kan gemu. Kanduri ya roƙi wata uku ya nemo mai karanta tsohon hannu. Aka ce an riga an tsai da rana, an kira masu ganga, an sayi furanni.

Yanzu rubuta wannan, kar ki tsallake. Ni na tuƙa su. Kwalekwalena suka shiga. Na ji tsoron a ce na hana aikin ibada, na ɗauki gorar tuƙi. Da hantsi ne, kogin Birupa ya cika. Da muka kai tsakiya sai Pradhan ya ga katakon nan biyu masu sassaƙa, ya ce ai waɗannan sun dace da sabon bangon ɗakin ibada. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Da a ɗaure ya jefa, da na koma na tsamo shi gaba ɗaya. A'a, sai da ya yanke. Ganyen suka watsu a kan ruwa kamar an zazzage kwandon ƙananan kifi. Ana ta busa ƙaho, mata na guɗa. Kanduri yana tsaye a gaɓa, ruwa har gwiwa.

Da na sauke su ya shigo kwalekwalen ya zauna. Ya ce, "Tuƙa." Bai dube ni ba. Kwana uku muna bin ruwa, muna duba ciyayin gaɓa, muna tambayar masu koma. Tsoho mai shekara kusan saba'in yana kutsawa cikin laka har ƙugu. Ganye ashirin da uku muka samo, ruwa ya wanke su fes.

Da muka dawo, a shagon mai shayi aka ce, "Mausa ya kawo mana mafici!" Kanduri ya shanya su a inuwa kwana goma. Sannan ya dama gawayinsa ya zauna a bakin hanya inda kowa zai gani, ya shafa. Rubutun ya fito layi layi. Ruwa baƙin kawai ya ɗauke, kwarzanen na nan. Wanda ya ce mafici ya shanye shayinsa ya sulale.

Amma wa zai karanta? Shekara biyu yana yawo da su a ƙyalle, duk wanda ya zo aski daga wani gari sai ya tambaye shi. Daga ƙarshe wata malama daga jami'a ta zo, irin masu bin ƙauyuka suna ɗaukar hoton tsofaffin littattafai. Ta zauna a tabarmarsa da gilashinta. Ta ce daga goma sha huɗun nan uku ne kawai suka dawo. Ta karanta su da ƙarfi. Suna arba'in da ɗaya. Babu Saria.

Ya ce, "'Yata, sake karantawa." Ta sake. Babu.

Ta tambayi inda sauran suke, aka gaya mata. Ta cire gilashin. Pradhan kuwa har ya iso da sabuwar riga, ya tsaya bayanta a ɗauke shi hoto. Ga hoton can a bangon ɗakin ibada, kusa da katakon. Je ki gani.

Kanduri ya ce mata ya haddace wasu sunayen da kunne, sun kai talatin. Ya roƙe ta ta haɗa da su. Ta ce aikinsu abin da ke kan ganye suke ɗauka, amma za ta dawo da na'urar ɗaukar murya bayan damina. Bai kai bayan damina ba. Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi.

Na sha jin yana jera su yana wasa aska, ban taɓa sa hankali ba. Na yi ta matsa kaina, huɗu kawai suka rage mini. Buɗe sabon shafi. Saria, matar Bhima wanzami. Dhobei mai man riɗi. Kuni, 'yarsa. Panu makaho na unguwar masunta. Sauran shafin ki bar shi haka, in wani ya faɗo mini zan kira ki.